Filin Gona da Inji: Masarar da Ke Zubewa a Bakin Injin Girbi

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da kaka. Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan masara suka zo, kuma yawancinsu kuka ɗaya suke yi: an kawo injin girbi, aiki ya yi sauri, amma buhunan ba su kai yadda aka sa rai ba. Na zaɓi guda biyar, na taƙaita wasu saboda fili. Ta farkon ce za ta ci mana lokaci, domin amsarta ta shafi sauran.

TAMBAYA: Malam, bana na noma masara hekta 12 a gefen Doguwa. Da ƙyar nake samun 'yan aiki lokacin karya, shi ya sa na yi hayar injin girbi mai kan layi huɗu. Aikin da mutum ashirin za su kwashe mako suna yi, ya gama shi cikin kwana biyu. Amma da na zagaya gonar bayan ya fita, sai na ga ƙwaya ta yi fari fat tsakanin kunyoyi, ga goyo nan da can. Direban ya ce haka kowane inji yake. Ɗana ya nuna mini a waya wani burushi da ake ɗaura wa kacar kan injin a Amurka, wai yana hana zuba. Ni da mai injin muna shawarar haɗa kuɗi mu sa a kawo mana. Me ka gani? (Wani Alhaji daga Doguwa)

AMSA: Alhaji, Allah ya sa albarka a abin da ya shiga rumbu. Maganar direbanka rabinta gaskiya ce. Babu injin da ba ya zubar da wani abu. Amma ƙasa ta yi fari har ka hango daga tsaye, wannan ya wuce ƙa'ida, kuma yawancinsa ana iya hana shi da sufana da haƙuri kafin a kai ga batun dala.

Na fara wannan sana'a da alkama a Kadawa, na zo na yi shinkafa a Kura, masara ce ta zo mini daga baya, kuma ita ta fi koya mini cewa ɓarna a baki take. Mutane suna zuwa bayan injin suna leƙa wurin da yake watso ƙaiƙayi, suna zaton nan hatsi ke fita. A masara, mafi yawan abin da ya ɓace bai ma taɓa shiga cikin injin ba. A gaba ya faɗi, a wurin da direbobi ke kira heda.

Bari in kwatanta maka yadda kan injin masara, wato hedar, yake, domin ba irin na shinkafa ba ne da ke yanke kara ya haɗiye. A kowane layi akwai hanci biyu masu tsini da ke kutsawa tsakanin kunyoyi suna tattaro kara. A ƙasa akwai rola biyu masu haƙora, suna juyawa suna fizgar karan ƙasa da ƙarfi. A samansu akwai faranti biyu na ƙarfe da 'yar tazara a tsakani, kara ya wuce, goyo ba ya wucewa. Da gindin goyon ya bugi farantin sai ya tsinke daga jikin kara, kaca biyu masu kunnuwa su kwashe shi zuwa baya, wani ƙarfe mai murɗi ya tura shi ciki. To wannan bugun shi ne tushen matsalarka. Ɗauki busasshen goyo ka doka gindinsa a kan dutse, ka ga yadda ƙwaya ke tartsatsi. Abin da ke faruwa ke nan a bakin injin, sau dubbai a awa ɗaya. Ƙwayar da ta tarwatse tana bi ta tsakanin farantan nan ta zube ƙasa. Wani goyon kuma yakan yi tsalle gaba ɗaya ya faɗo ta gaba ko ta gefe.

Kafin ka saya wa injin komai, ka ƙirga abin da yake zubarwa. Gani ya kori ji. Ka samo kara huɗu, kowanne tsawon mita ɗaya, ka ɗaure su su zama murabba'i. Ka bari injin ya shiga tsakiyar gona yana aiki yadda ya saba, sai ka ɗaga wa direba hannu ya tsaya, ya ɗaga kan, ya ja da baya kamar tsawon injin. Filin da ya bayyana a gabansa, baki ya wuce ta kansa amma bayan injin bai kai wurin ba, saboda haka duk ƙwayar da ka tsinta a nan, bakin ne ya zubar. Ka aje karan nan naka, ka durƙusa, ka kawar da ganye da hannu, ka tsince ƙwaya ɗaya bayan ɗaya. Ka yi haka a wuri uku ko huɗu. Sannan ka koma bayan injin ka sake ƙirgawa. Abin da na baya ya ɗara na gaba da shi, shi ne ɓarnar cikin injin, ta ganga mai casa da rariya mai tace hatsi.

Lissafin ba shi da wuya. Hekta ɗaya mita murabba'i 10,000 ce. Ƙwayar masara dubu tana yin giram 250 zuwa 300, gwargwadon iri. Ke nan idan ka sami ƙwaya 10 a cikin karan nan huɗu, ka bar kilo 25 zuwa 30 a kowace hekta, wajen tiya goma zuwa sha biyu. Idan ta kai 35 zuwa 40, buhu guda mai kilo 100 ya tafi.  Goyon da ya faɗi kuwa ƙirgarsa daban: ka ɗauki layi huɗu, ka taka mita 33, wannan ya ba ka kusan mita murabba'i 100. Kowane goyo ɗaya da ka tsinta a nan yana nufin goyo ɗari a hekta, kilo 10 zuwa 15 ke nan. Ka tsinci takwas, buhu ya sake tafiya. Da yayyafi kogi kan cika, Alhaji, kuma kai hekta 12 gare ka.

Wata shekara an kira ni wata gona a yankin Tudun Wada, mai gonar da direba har sun fara ɗaga wa juna murya. Na ce kowa ya yi shiru mu ƙirga. Na cire hulata na riƙa zuba ƙwayar a ciki, mai gonar yana tsugune a gefena yana ƙirgawa da baki. Muka sami 52 a wuri guda. Bai ce komai ba, sai ya ɗebi ƙwayar daga cikin hular ya riƙe a tafin hannu yana kallo. Muka kashe injin, na duba farantan, na tarar an bar su a buɗe tun daga wata gonar mai kauri da aka yi kafin tasa. Muka matse su, direba ya sauko da giya ɗaya, muka sake gwadawa. Ƙwaya 14. Duk aikin bai kai awa ɗaya ba, kuma ba a sayi ko noti ba.

Saboda haka farantan nan su ne abin dubawa na farko. A littattafan injinan waje, tazarar da ake farawa da ita wajen inci ɗaya da kwata ce, santimita uku da 'yan kai. Amma wannan awon na masarar da ta ƙoshi da taki ne. Tamu, a shekarar da taki ya yi tsada aka sa rabi, kara siriri ne, goyo ƙanana. Ka bar tazarar yadda take, ƙaramin goyo zai nutse tsakanin farantan, rola ta kama gindinsa ta murje shi. Abin da nake yi shi ne in yanko kara matsakaici daga gonar da za a girbe, in sa tazarar ta ɗan fi kaurinsa kaɗan, sannan in ɗauko ƙaramin goyo in ɗora, in tabbatar bai shige ba. Ta baya ta fi ta gaba buɗewa da kamar milimita uku, don kada kara ya cushe. Idan kuma an matse fiye da kima, kara zai riƙa tsinkewa yana shiga injin, ya cika rariya da shara, hatsi ya bi shara ya fita ta baya. Ka kuma shafa bakin farantan da yatsa. Injinan da ke zuwa mana na hannu ne, da yawa bakin ya cinye a tsakiya ya yi kwari, ko ka matse gaba da baya tsakiyar tana nan a buɗe. Irin wannan sai canji, ko mai walda ya cike a goge.

Na biyu gudu. Gudun injin a ƙasa da gudun rola da kaca dole su tafi tare. Rola ta fi ƙafa sauri, goyo zai bugu da ƙarfi ya tarwatse. Ƙafa ta fi rola sauri, injin zai riƙa ture kara gaba yana kwantar da shi. Ka tsaya a gefe ka lura: goyo ya kamata ya tsinke bayan kara ya ɗan shige cikin farantan, wajen tsakiya zuwa baya, ba a bakin ƙofa ba inda zai iya faɗowa waje. Kilomita huɗu zuwa biyar a awa, wato tafiyar mutum mai ɗan sauri, ta isa a irin gonakinmu. A nan zan faɗi abin da masu inji ba sa son ji. Muddin ana biyan direba da yawan hektar da ya gama, ƙafarsa ba za ta sauka daga totur ba, don akwai wata gonar tana jiransa. Ka yi yarjejeniya da mai injin tun kafin ya shigo: za a ƙirga ƙwaya a gaban kowa, in ta wuce adadin da kuka amince, a tsaya a gyara. In ya sauko da ita ƙasa, ka ƙara wa direban wani abu daga aljihunka. Abin da za ka ba shi bai kai kwatan abin da zai bar maka a buhu ba.

Na uku, kuma ina zargin shi ne babba a gonarka: bushewa. Mun saba barin masara a tsaye har iskar hunturu ta fara kaɗawa, saboda da hannu muke karya, kuma busasshiya ta fi daɗin ajiya. Inji ba haka yake so ba. Ya fi samun sauƙi lokacin da danshin ƙwaya ke tsakanin kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari. Da ya sauka ƙasa da 15, ƙwaya ta saki totuwa, wuyan goyo ya yi rauni, taɓawa kaɗan sai zuba. Masara ta gama cika ne a lokacin da ka ɓalle ƙwaya ka ga ɗan baƙin tabo a gindinta. Daga nan ba ta ƙara nauyi, ruwa kawai take saki. Sai dai kada in ɓoye maka ɗaya gefen: wanda ya girbe da danshi 20 dole ya shanya har ya sauko wajen 13 kafin ya ɗinke buhu, in ba haka ba fumfuna za ta kama, kuma ita ce ke haifar da gubar afulatoksin da ke lalata hanta, wadda masu sayen masara don abincin kaji ke mayar da kaya saboda ita. A kan tamfol ko daɓen siminti ake shanyar, ba a ƙasa ba. In ba ka da na'urar auna danshi, zuba busasshen gishiri da ƙwaya a busasshiyar kwalba, ka girgiza, ka bari ta ɗan jima. Gishiri ya manne a jikin kwalbar, masara ba ta bushe ba. In kuwa ba ka da wurin shanyar masarar hekta 12, to aƙalla ka sa injin ya fara da sassafe, lokacin da raɓa ta sa ɓawon ya yi laushi, ya huta da tsakar rana.

Yanzu ga burushin da ɗanka ya nuna maka. Gaskiya ne akwai shi, wanda ya fi suna shi ne 360 Yield Saver. Ana cire kacar asali a sa wata mai ɗauke da ƙullin burushi. Gashin burushin na dama da na hagu suna haɗuwa su rufe tazarar da ke tsakanin farantan, goyo ya faɗo a kan abu mai laushi, ƙwayar da ta ɓalle kuma a share ta zuwa ciki maimakon ta zube. Dabara ce mai kyau, kuma an yi ta ne daidai don busasshiyar masara irin taka. Amma ka san abu uku. Ana ƙera shi ne don takamaiman kawuna, irin na kamfanonin John Deere da Case IH, saboda haka sai an duba lambar kan injinku an tabbatar akwai nasa. Gashin yana cinyewa, dole a riƙa sayen sabo, kuma ƙura da yashin gonakinmu ba za su raga masa ba. Sannan kowane layi da nasa, kuɗin layi huɗu za ku biya da dala, ga kuɗin kawowa. Shawarata ita ce ku gyara faranti, gudu da lokacin girbi tukuna, ku sake ƙirgawa. In har yanzu bakin yana zubar da ƙwaya 20 ko fiye a mita, ku ninka da yawan hektar da injin ke yi a shekara, ku buga da farashin buhu a Dawanau, sannan ku kwatanta da kuɗin burushin. Injin da ke yin ɗaruruwan hekta zai iya mayar da kuɗinsa. Don gonarka kaɗai, ban ga ya kamata ba.

Akwai ƙarin da za ku iya yi a gida da kuɗi kaɗan. A bakin kowane layi akan sa 'yan fukafukan roba guda biyu, kara ya ture su ya shige, amma goyon da ya gangaro zai faɗi su tare shi. Yawancin injinan hannu sun zo waɗannan robobin sun yage ko babu su sam. Ana yanka su daga tsohon bel mai faɗi, a huda a ɗaure da noti. Haka kuma mai walda zai iya ƙara wa gefe biyu na kan tsawo da langa-langa ko raga, da bangon baya, saboda goyon da ke tsalle ya dawo ciki. Waɗannan biyun ba su taɓa ba ni kunya ba.

TAMBAYA: Baba, ni direban ƙaramin injin girbin shinkafa ne mai ƙafar kaca, a Kura nake aiki. Idan shinkafa ta ƙare injin zama yake yi. Maigidana yana so mu shiga masara da shi. Zai yiwu? (Wani matashi daga Kura)

AMSA: Ɗana, zai yiwu, amma ba yadda yake ba. Kan injin shinkafa wuƙa ce da fanka mai juyawa tana kwanto da kai. Ka shiga masara da shi haka, fankar za ta riƙa marin kara, goyo yana faɗuwa kafin wuƙa ta iso, wanda ya shiga kuma ganga ta farfasa shi ya zama tsaki. Kamfanoni irin su Kubota suna sayar da kayan sauyi na masara don ƙananan injinansu: dogayen hanci masu raba layi, kariyar gefe, da ragar ƙarƙashin ganga mai manyan ƙofofi. Ka gaya wa maigidanka ya nemi na samfurin injinku. Bayan an ɗaura, ka rage gudun ganga sosai, kusan rabin abin da ake ba alkama, ka buɗe tazarar ganga da raga daidai kaurin totuwa. Alamar ka dace ita ce totuwa ta fito ta baya a cikakkiyarta, fes, ba ƙwaya a jiki. Ta fito a farfashe, ka matse da yawa. Ta fito da ƙwaya a manne, ka buɗe da yawa. Ka ɗaga wuƙa ka yanka daf da ƙarƙashin goyo don kada ka cika cikin injin da kara, ka kuma sassauta fankar gaba har ta zama tana taɓa kara kawai. Ko da an yi duk wannan, ba zai kai kan masara na ainihi tsafta ba, saboda haka ka faɗa wa masu gona gaskiya tun farko.

Abu ɗaya nake roƙonka da shi, don Allah. Masara tana cushe baki fiye da shinkafa. Duk lokacin da ya cushe, ka kashe injin, ka zare makulli ka sa a aljihu, sannan ka sa hannu. Ina da yaron da muka yi aiki tare, mai hankali, mai ƙwazo. Kara ya maƙale a rola, ya kama ƙarshensa zai ja, injin yana kunne. Rola tana fizgar kara da saurin da kafin ƙwaƙwalwa ta ce wa hannu saki, an riga an wuce wurin. Yatsu uku ya rasa a hannun dama. Ni na naɗe hannun da rawanina muka ɗora shi a babur, kuma har yau in na ji ƙarar rola ta canza, gabana sai ya faɗi. Kada ka bar yaran gari su matso gaban injin suna tsintar goyo yana tafiya, ko da iyayensu za su ji haushinka.

TAMBAYA: Malam, mu ƙungiyar mata ce a yankin Auyo, muna da masara hekta uku a haɗe. Iskar ruwan ƙarshe ta kwantar da kusan rabinta, ga gara ta fara ci. Mai inji ya ce zai iya ɗauka. Mu yarda? (Wata Hajiya daga Auyo)

AMSA: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Kada ku jira, wannan shi ne na farko, domin goyon da ya taɓa ƙasa gara da fumfuna suna rige-rige a kansa. Inji yana iya ɗaukar kwantacciyar masara idan direba ya san aiki: ya saukar da hancin har ya riƙa shafar ƙasa, ya tunkari masarar ta inda kawunanta suka fuskanto shi ko ta gefe, kada ya bi bayanta, ya yi tafiyar hawainiya. Wani lokaci sai ya girbe ta ɓangare ɗaya kawai, ya dawo fanko. A ƙasashen da ke da manyan gonaki akan ɗaura wa kan wata fanka mai dogayen yatsu da ke taimakawa wajen tura kwantaccen kara ciki. Ban sa ran mai injinku yana da ita ba, ku tambaye shi.

Ni dai da gonata ce, hekta ɗaya da rabi da ta kwanta da hannu zan karye ta. Ku mata ne masu yawa, ga 'ya'ya, kwana biyu zuwa uku kun gama, kuma hannu ba ya barin goyo. Ku ware wanda ya taɓa ƙasa ya yi baƙi ko kore, kada ya haɗu da mai kyau. Sauran da ke tsaye ku ba inji in kuna so, ko ku karye duka ku yi hayar injin casa, wanda ya fi araha nesa ba kusa ba. In kun lura karan yana karyewa ne a gaɓa kuma cikinsa rami ne, tsutsar kara ce ta riga iska yin ɓarna. Ku kai wa malamin gona na JARDA, hukumar bunƙasa noma ta Jigawa, samfurin karan, ku kuma tambaye shi irin SAMMAZ na cibiyar bincike ta Samaru da ya dace da ƙasarku kuma yake da ƙarfin tsayuwa.

TAMBAYA: Yallaɓai, baɗi nake so in fara amfani da injin girbi. Da garmar shanu nake huɗa. Akwai abin da zan canza? (Wani manomi daga Rano)

AMSA: Malam, ka yi tambaya a kan kari, ba a fafe gora ranar tafiya. Tazarar layukan kan injin a kafe take, wasu santimita 70, wasu 75, na Amurka 76. Shawarar da malaman gona ke bayarwa ta santimita 75 tsakanin kunya da kunya ta yi daidai da yawancinsu. Matsalar ita ce shanu ba sa riƙe awo: wannan kunyar 65, ta gaba 85, wata ta lanƙwashe a tsakiya. Kan inji mai layi huɗu ya shiga irin wannan, layi ɗaya ko biyu ne za su dace, sauran hanci zai riƙa ture su gefe yana girgiza goyo yana faɗuwa. Babu burushi ko roba da ke maganin wannan. Je ka wurin mai injin da kake sa ran ɗauka tun yanzu, ka auna tazarar hancin da igiya, ka ƙulla, ka ba mai huɗa. A ja igiya a layin farko don ya miƙe. Kada kunya ta yi tudu da yawa. Ka shuka iri ɗaya a rana ɗaya don goyo ya zo tsawo ɗaya ya kuma nuna tare. Ɓangaren da za ka sa wake ko gyaɗa a tsakani, ka ware shi daban don hannu. Ka tone kututture, ka kafa doguwar sanda a jikin wanda ya gagara da bakin kowace tsohuwar rijiya, ka kuma bar fili a ƙarshen gona inda injin zai juya ba tare da ya tattake layi ba.

TAMBAYA: Malam, ina da shanu shida. Karan masarata shi ne abincinsu na rani da dannin gidana. An ce inji yana ragargaza kara. Kuma matan unguwarmu sun saba yin kala a gonata. Yaya zan yi? (Wani dattijo daga Birnin Kudu)

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da aka gaya maka haka yake. Rola tana murƙushe kara, ƙafar injin ta bi ta kai, wasu kawunan ma suna da wuƙaƙe a ƙasa da ke daddatsa shi. Danni dai ba za ka samu ba. Shanu za su iya kiwo a gonar su ci ganye da ɓawo, amma ba za ka ɗaure dami ka ɗora a kan bishiya ko rumfa don watan Maris da Afrilu ba, sai dai a tara da manjagara a cusa a buhu, kuma akwai yashi a ciki. Ka lissafa dami nawa shanunka da dannin ke ci a shekara, ka ware gonar da za ta ba ka wannan, a karye ta da hannu a sare karan yadda aka saba. Sauran ka ba inji. In kan yana da wuƙaƙen datsa, ka tambayi direba ko ana iya kashe su.

Batun kala kuwa, na ji daɗi da ka tuna da su. Goyon da ya faɗi ba ya ɓacewa, matan nan za su tsince shi ya zama tuwon wani gida, kuma ladanka yana nan. Ƙwayar da ta tarwatse cikin yashi ita ce ba mai iya tsincewa, ta tururuwa ce da ɓera da kurciya. Ka bar su su shiga bayan injin ya fita daga gonar gaba ɗaya, ka ba su kwana ɗaya ko biyu kafin ka saki shanu. Ka kuma zagaya da kanka ka duba ko akwai inda injin ya tsaya ya zubar da tarin hatsi wuri guda, ka kwashe shi, domin saniyar da ta saba da kara in ta samu tsabar masara ta ci ta ƙoshi lokaci ɗaya, cikinta zai kumbura, wani lokaci kafin a kira malamin dabbobi ta riga ta kwanta.